Abin da Na Tsallake a Wa'azin Laraba

Na san abin da ake faɗa a kaina a coci, kuma na san ya zo kunnenku. Waɗansu sun ce tsufa ne ya sa aka karɓi makirfo daga hannuna, waɗansu sun ce rashin kunya na yi wa Osofo, fastonmu, a gaban jama'a, har akwai wadda ta ce wai harshena ne ya fara nauyi. Harshena lafiyarsa ƙalau, ku da kuka tashi a ɗakina kun fi kowa sani. Shekara goma sha tara na yi ina tafinta a cocinmu na unguwar Maamobi a nan Accra, abin da ya sauke ni kuwa ya faru ne a shekarar da azuminmu na kwana arba'in ya haɗu da watan azumin maƙwabtanmu Musulmi. Zan faɗa muku shi yadda yake, ke Lamisi da kai Dauda, domin akwai wani ɓangare nasa da ko ke Lamisi, da kike tsakiyar maganar, ba ki sani ba har yau.

Cocin namu ba wani babban gini ba ne, tsohon sito ne da aka fasa wa tagogi, a lungun da yake gangarawa babbar gota, kwatar unguwa. Kusan dukanmu daga Arewacin ƙasar nan muka sauko Accra, Kusasi da Farafara da Busanga da Dagati, kowa da yarensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa mu. Fastocin da ake turo mana kuwa 'yan Kudu ne, shi ya sa muke kiran kowannensu Osofo yadda ake yi a can, kuma ba wanda ya taɓa zuwa da Hausar da ta wuce "sannu" da "nawa ne". Sai su yi wa'azi da Turanci ko Tiwi, wani ya juya. Ni aikin ya faɗo kaina ne don tun ina budurwa nake sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Tiwi a bakin masu saye na sha ta, Turanci na ɗan taɓa a makaranta, Hausata kuma 'yan Nijar masu kawo albasa ne suka gyara mini ita da dariya, don duk sanda na ce da mace "ya zo", yadda muke yi a Zongo, sai sun tambaye ni yaushe ta fito da gemu.

Tafinta aiki ne mai ƙa'ida. Ana tsayawa a hagun Osofo, ɗan baya kaɗan. In ya ɗaga murya ka ɗaga, in ya nuna yatsa ka nuna, in ya yi shiru kada ka cike masa shirun. Abin da ya fi komai shi ne tsawon magana, domin tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya tana auna tsawo da kunnenta. In Osofo ya yi dogon bayani ka ba ta kalma uku, za ta juya wa ta kusa da ita ta ce an ci mata wani abu. Na ƙware a wannan awon, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda ya kamata. Ranar Lahadi coci yakan cika da ganguna da matasa masu jin Turanci, ko ban juya ba sun gane. Amma daga Larabar Toka, ranar da azuminmu yake farawa, ake lulluɓe gangunan da farin ƙyalle har Ista, a kuma ƙara wa'azi kowace Laraba da ƙarfe biyar na yamma, don masu gadi su samu kafin su tafi aiki. Matasa a lokacin suna cikin cunkoson trotro, motocin hayarmu. Masu zuwa sai tsofaffin mata da 'yan mata masu dako a kasuwa da masu gadin nan, mutanen da abin da ya fito daga bakina shi ne wa'azin a wurinsu. Lasifika ɗaya kuma tana rataye a taga tana kallon lungu, kuma a wannan lungun, shago na huɗu daga ƙofar coci, ƙanena Isifu yake zaune a kan kekensa na ɗinki.

Kun san mun yi shekaru ba ma magana da kawunku Isifu, ni ce ma na hana ku gaishe shi. Ya musulunta tun yana saurayi, wannan bai taɓa raba mu ba, Sallah muna cin namansa, Kirsimeti yana cin shinkafarmu. Mutuwar kakarku ce ta raba mu. A shekararta ta ƙarshe ƙafarta ta daina hawa matakalar gidan da muke haya, Isifu ya ce a mayar da ita ɗakinsa a Nima, ni kuma na ji kamar cewa yake na kasa riƙe uwata. Muka yi cacar baki, ya ɗauke ta. Mako biyu bayan haka na tafi Techiman sayen gero, ta rasu da safe, kafin la'asar shi da maƙwabtansa sun yi mata sutura sun kai ta. Na dawo washegari na tarar da tabarmi da mutane suna zaman makoki. Ba akwati, ba Osofo, ba 'yan waƙa, ba rumfa, ba komai cikin abin da nake ganin ya dace da matar da ta yi shekara ashirin tana zama a benci na biyu. A gaban mutane na ce masa ya binne uwata kamar ɓarawo yana ɓoye kaya, bai ko neme ni ba, kuma daga ranar ba ni da ƙane. Haka na faɗa muku, haka na faɗa wa dangi har can gida. Ƙarya ce. Ya neme ni. Ina cikin cinikin gero na ga sunansa a waya sau huɗu, na ce a raina wata rigimar ce ya ɗauko, na ƙulle wayar a bakin zane. Da na ga dama na duba da yamma, saƙonsa ne a ciki, an riga an gama. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko ubanku har ya rasu bai sani ba.

Shekara bakwai ina wuce shagonsa kowace Lahadi kaina a miƙe, kamar mai ɗauke da tulu. To a wannan azumin ne aka turo mana sabon Osofo, ɗan saurayi siriri mai tabarau, ba ya ihu, ba ya zufa, amma in ya kama magana ɗaya ba ya sakinta. Shi kuwa sai ya zaɓi sulhu ya ce a kansa zai yi dukan Larabobin. Larabar farko komai ya tafi daidai har kusa da ƙarshe, sai ya cire tabarau ya faɗa da Turanci a hankali cewa duk wanda yake da ɗan'uwan da ba ya gaisarwa, ya daina wahalar da cikinsa da yunwa, ya je ya ci abinci, domin azuminsa bai wuce rufin kwanon nan ba. Na buɗe baki zan juya, idona ya faɗa kan lasifikar taga. Na san ƙarar keken Isifu, kuma a daidai lokacin ba na jin ta. Sai na ga kaina ina faɗin wannan magana da muryata, tana fita lungu, tana shiga shago na huɗu, shi kuma yana zaune yana ji. Bakina ya ƙi. Na ce wa jama'a mu ƙaunaci juna, mu yi haƙuri da maƙwabta, mu riƙa taimakon marasa ƙarfi, na ja maganar har ta kai tsawon tasa cif. Tsofaffi suka ce amin, Osofo ya mayar da tabarau.

Na ce ai sau ɗaya ne. Ashe mutumin da wannan magana yake rufe kowane wa'azi, kamar mai kulle shago. Laraba ta biyu na tsallake, ta uku na tsallake, har na fara shirya abin da zan cike gurbin da shi tun ina tace gasara da safe. Kuma azumi nake yi sosai, ba na cin komai sai rana ta faɗi, mata suna nuna ni suna cewa a yi koyi da Mma Lariba. A cikin waɗannan kwanakin ne wata mai sayen koko take gaya mini, ba tare da na tambaye ta ba, cewa idon Isifu ya lalace, sai ya yi minti biyar yana neman kafar allura, kuma ya sallami shagon, bayan Sallah zai koma gida Garu gaba ɗaya. Na zuba mata koko na ce Allah ya kiyaye hanya. Na ƙirga a raina, saura mako uku da 'yan kwanaki. Na san kaina, in ban iya taka shago huɗu na gaishe shi ba, ba zan hau motar kwana guda in je in yi ba.

Laraba ta huɗu ke Lamisi kika tashi aiki da wuri kika shigo kika zauna a benci na baya. Na gan ki, amma na riga na saba, na tsallake. Muka kamo hanya tare. Sai da muka isa gida na ɗora ruwa, kika tsaya a bakin ƙofa da jakarki a kafaɗa.

"Mma, abin da Osofo ya faɗi ba shi kika faɗi ba."

"Hausa ba Turanci ba ce, sai an lanƙwasa," na ce miki.

"Wannan ba lanƙwasa ne ba, Mma. Kin cire shi koraa, gaba ɗaya. Ya ce wanda ba ya gaida ɗan'uwansa, kin ce a taimaki marasa ƙarfi."

"Yau ke za ki koya mini aikina?"

"A'a. Ina tambaya ne, tun yaushe?"

Na ce ki cire takalmi ki zo ki kama mini tukunya. Kin kama, ba ki ƙara tada maganar ba, kuma ba ki kai ƙarata wurin kowa ba. Da kin kai, da na samu wanda zan yi faɗa da shi, kuma kin san faɗa ba ya ba ni wahala. Shirunki ne ya hana ni sakat mako guda. Ba tsoron Osofo nake ji ba. Tsofaffin nan nake tunawa, waɗanda suke jan ƙafa su zo tun daga Kawukudi, su zauna su miƙo kunne, ni kuma in ba su abin da na ga dama su tafi da shi suna godiya. A cikinsu na san aƙalla biyu da ba sa shan ruwa a gidan juna. Maganar tasu ce ita ma, na tsare ta a hanya don kada ta taɓa ni.

Laraba ta biyar Osofo ya cire tabarau ya faɗi maganarsa. Na juya ta duka, ban bar ko wutsiya ba, har rufin kwanon. Tsofaffi suka dubi juna, don ba su taɓa jin ta ba. Osofo ya buɗe baki zai ci gaba, ni kuma na yi abin da tafinta ba ya yi, na ci gaba da magana shi yana shiru.

"Jama'a, wannan maganar mako huɗu ke nan Osofo yana faɗa muku ita, ni nake ɓoyewa. Ina da ƙane a lungun nan da ban gaisar ba shekara bakwai. Shi ya sa."

Na juya na maimaita wa Osofo da Tiwi, don kada ya zama shi kaɗai ne bai san abin da ake yi a cocinsa ba. Ya dube ni ya ce in gama juya masa addu'ar rufewa tukuna. Na gama. Wannan shi ne rashin kunyar da kuka ji an ce na yi.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna da ni. Osofo ya so a bar ni da gargaɗi, ya ce wanda ya tona kansa ya riga ya yi rabin gyara. Baba Akolgo, tsohon mai gadin nan da ya fi kowa daɗewa a coci, shi ya ƙi. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, shekara goma sha tara da kunnena yake ji.

"Lariba, ni ban ji haushinki ba," ya ce. "Amma daga yau in kin buɗe baki, zan riƙa tambayar kaina, na Osofo ne wannan ko na Lariba ne? Ba zan iya sujada haka ba. Ki zauna tare da mu a benci."

Na so in ce masa sau huɗu kawai na yi a cikin shekara goma sha tara. Sai na ga ba shi da hanyar da zai tabbatar, sai dai ya yarda da bakina, bakin kuwa shi ne ake shari'arsa. Na miƙa makirfo. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kada ku ji na ce ban damu ba. Har yau in yarinyar da ta gaje ni ta yi tuntuɓe a kalma, sai in ji leɓena yana motsi, in danne shi da bakin mayafi.

Za ku zaci daga nan kai tsaye shagon kawunku na nufa. Ban je ba. Tsayawa gaban mutum sittin in tona kaina ya fi mini sauƙi a kan tsayawa gaban mutum ɗaya. Na yi ta cewa ai ya ji a lasifika, in yana so ya zo. Bai zo ba. Sai ranar Alhamis ta makon ƙarshe, wadda ake cin Jibin Ubangiji da yamma, na yi wanka na ɗaura farin zane, na kama hanyar coci da wuri. Na zo daidai shago na huɗu ƙafata ta tsaya. Ban kai masa komai ba, hannu wofi na je. Ya dawo daga la'asar ke nan, yana zaune ya kai allura kusa da hancinsa, leɓensa a bushe da azumi. Rabin kayan shagon an riga an ɗaure su a buhu. Ya rame, gemunsa ya yi fari, ni kuwa a raina har lokacin saurayi nake ganinsa. Na yi sallama. Ya ɗago yana ƙifta ido.

"Yaya Lariba, ke ne?"

"Ni ce."

"Muryarki a sifika ya fi haka girma. Shigo, ture buhun nan ki zauna."

Na zauna. Na karɓi allurar na zura masa zare, don hannuna ya samu abin yi. Na tambayi matarsa da yara, ya tambaye ku da suna, har ya san kai Dauda ka fara tuƙi. Sannan na ce masa abin da ya kawo ni, kuma na fara da faɗa, don haka nake. Na ce ko dare ɗaya ai ya jira ni.

"Mma ne ya roƙe ni," ya ce da Hausarmu ta Zongo, yana nufin kakarku. "Tun ya zo ɗakina yake faɗa, kullum. Ya ce Isifu, in na mutu kar ku sa ni cikin firij kamar kifi, ku kai ni ƙasa ranar nan. Ya ce ya gaya miki kin yi masa faɗa."

Gaskiya ne, ta taɓa gaya mini, na ce ta daina zancen mutuwa a bakin abinci. Har yanzu ina ganin da ya aika an kira Osofo na lokacin, kuma na faɗa masa haka, ya ce wannan kam bai yi tunaninsa ba, kansa ya ɗaure ranar. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban nema ba. Sai na faɗi abin da ya fi nauyi.

"Isifu, na ga kiranka ranar. Sau huɗu. Ƙin ɗauka na yi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Waya ya shiga, ya yi ta kuka har ya gaji. Kuma ke wayarki ba ya barin jikinki."

"To na tsaya gaban mutane na ce ba ka neme ni ba, dangi suka zage ka har gida, na hana yarana gaishe ka. Me ya hana ka buɗe waya ka nuna musu?"

Ya murza zaren a yatsa.

"Na yi niyya, ranar sadakar bakwai. Sai na ga Lamisi da Dauda zaune kusa da ke. Na ce in na nuna, yaran nan za su rasa kawu, su zo su rasa ganin girman uwa. Gara su rasa ɗaya."

Ban yi kuka a shagon ba, sai da na shiga coci na zauna a benci na biyu. Bayan Sallah da kwana uku ni na ɗaukar masa kan keken a kaina har tasha, ku kuna wurin aiki, na ce muku kasuwa na je.

Ke Lamisi kin san na rage wa'azi, kin san na je shagon, amma kin ɗauka ni ce na yafe. Kai Dauda har yau in an ambaci sunansa sai ka haɗe rai, don kana ganin kana kare uwarka ne. Ku sani yau cewa shekara bakwai ɗin nan da kuka yi kuna wuce ƙofarsa ba gaisuwa, yana ɗago kai yana bin ku da kallo, ni ce na ci muku su, kuma ba ni da inda zan samo in mayar muku. Yana Garu, idon ya kusa rufewa, amma yana gane murya. Ku shirya ku je ku gaishe shi kafin damina ta ɓata hanya.